Nauyin hazaƙa

Nauyin hazaƙa shi ne damuwar zuci da wahalar cuɗanya da kan sami mutumin da basirarsa ta yi wa ta tsaransa fintinkau. Ba cuta ba ce da ake rubuta wa magani. Galibi tana tasowa ne daga rashin jituwa tsakanin haziƙin da wurin da ya tashi.

A 1921 Lewis Terman na Jami'ar Stanford a Amurka ya fara bibiyar rayuwar yara haziƙai kimanin 1,500, ya tarar yawancinsu lafiyayyu ne, suna kuma zaune lafiya da jama'a. Wannan ya raunana tsohon zaton cewa kaifin ƙwaƙwalwa maƙwabcin hauka ne. Sai dai nazarin Leta Hollingworth, wanda aka buga a 1942 kan yara 12 da makinsu a gwajin basira ya haura 180, alhali matsakaicin maki 100 ne, ya nuna cewa idan ratar ta yi yawa kaɗaici kan biyo baya.

A Kaduna, ana ganin abin a wajen tsallaken aji. Ɗan shekara takwas zai zauna da 'yan sha ɗaya, ya kayar da su a lissafi, amma in an fita tara babu mai sa shi a wasan ƙwallo. Ƙwaƙwalwa ta yi gaba, jiki da zuciya suna nan a shekarunsu. Ga kuma tarbiyya: yaro ba ya gyara wa babba magana, don haka wanda ya nuna wa malami kuskure a allo sai a ce tsaurin ido ne ko iyayi. In yarinya ce, abin ya fi tsanani. Da yawa sukan koyi yin shiru, wasu iyayen ma su ke ɓoye sakamakon ɗansu don tsoron kambun baka.

Wani nauyin kuma burin dangi ne. Tun yaro na firamare ake kiransa "likitan gidanmu", ba a tambaye shi ba. Ranar da ya shiga Kwalejin Barewa ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ya haɗu da waɗanda su ma na ɗaya suke zuwa a garuruwansu, faɗuwar farko kan girgiza shi fiye da kima, domin bai taɓa koyon yadda ake faɗuwa ba. Binciken Claudia Mueller da Carol Dweck na 1998 ya gano cewa yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya, kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari.

Gwamnatin Tarayya tana da makarantar kwana ta haziƙai a Suleja, jihar Neja. Masana ilimi sun rabu kan irin wannan tsari: wasu na ganin a nan ne yaro zai samu abokan hira daidai da shi, wasu kuma na ganin ware shi daga sauran yara na ƙara nisanta shi da jama'ar da zai koma cikinta.