Yadda Mdou Moctar da ƙungiyarsa suka haɗa kundin Funeral for Justice: tambayoyi da amsoshi

Ranar Juma'a 3 ga Mayun 2024 kamfanin faifai na Matador da ke birnin New York ya fitar da wani kundi na Mdou Moctar mai waƙoƙi 9, akasarinsu da Tamashek, harshen Abzinawa. Sunansa Funeral for Justice, wato jana'izar adalci. Mutum huɗu ne suka yi kiɗan, uku 'yan Nijar, ɗaya Ba'amurke. Ga amsoshin wasu tambayoyi a kan yadda aka yi aikin.

Mdou Moctar sunan mutum ne ko na ƙungiya?

Duka biyun. Mutumin, sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa, daga yankin Abalak da Cintabaradan, ya kuma yi ƙuruciya a Arlit, garin haƙar yuraniyom. Bahago ne, da hagu yake kaɗa jita. Gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da kansa ya ƙera ta, da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin magabatan jitar Abzinawa a Nijar.

Yanzu kuma sunan ya rufe mutum huɗu. Akwai Ahmoudou Madassane mai jita ta biyu, wadda ke riƙe da amon waƙa, da Souleymane Ibrahim mai ganguna, sai Mikey Coltun mai jitar bas, wanda shi ne furodusansu. Wanda ya saurare su da kyau zai gane ba mai gida da 'yan amshi ba ne. In aka cire Ahmoudou, duk gudun yatsun Mdou zai zama kamar doki ba linzami.

An ce a Sakkwato ya fara. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, lokacin da waƙoƙin nanaye na finafinan Hausa ke tashe, kowane situdiyo da fiyano da kwamfuta da manhajar lanƙwasa murya. Haka ma'aikatan situdiyon suka yi masa: gangar na'ura, murya mai kaɗawa irin ta waƙoƙin Kano, sai dai baitukan da Tamashek ne, jitar kuma ta Sahara. Babu kamfanin da ya fitar da shi a lokacin. Waƙoƙin sun bi hanyar da kowa ya sani, daga memori zuwa memori, daga waya zuwa waya ta bulutut, a tasha da shagon caji, har suka tsallaka Mali.

Abin lura a nan shi ne hanyar da ya ɗauka daga baya. Mawaƙanmu sun ƙara nutsewa cikin fiyano da kwamfuta, har ta kai mai situdiyo ɗaya ke yi wa mawaƙa hamsin kiɗa. Shi kuwa baya ya juya, ya koma ga mutane masu kayan kiɗa a hannu.

To yaya waƙar memori ta kai ga kamfanin Amurka?

Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds a birnin Portland, shi ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin a wayoyin mutane a arewacin Mali. Ya sa ta cikin wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar, sannan ya shiga cigiyar mai ita har ya same shi, ya kuma kawo masa jitar lantarki irin ta bahagwai, wadda samunta a Agadas ba ƙaramin aiki ba ne. Daga nan aka samu Afelan a 2013, wanda aka ɗauka a Cintabaradan, sai Ilana a 2019, kundin farko da cikakkiyar ƙungiya ta shiga situdiyo, a birnin Detroit. Matador ya ɗauke su a 2020, kuma Afrique Victime na Mayun 2021 shi ya buɗe musu manyan dandamali. Shi wancan kundin, tsinci-tsinci aka yi shi: wani a situdiyo, wani a ɗakin otal, wani a bayan dandali, wani a fili a Nijar.

Wane irin kiɗa ne wannan? Na Turawa ne aka ara?

Kayan kiɗan na Turawa ne, amon ba nasu ba ne. Abzinawa na kiran wannan salo assouf. Ya taso ne a wajen samarin da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, kuma 'yan ƙungiyar Tinariwen ta Mali su ne suka fara kai shi duniya. A ƙarƙashinsa akwai kiɗan gargajiya biyu: tende, wato turmin da ake rufe bakinsa da fatar akuya mata na kaɗawa da tafi, da kuma takamba, da ake yi da ƙwarya da wani ɗan'uwan molo mai suna tehardent. Muryoyin da ake hawa a kai guda biyar ne, shi ya sa kunnen da ya saba da gurmi da goge ba ya jin kiɗan a matsayin baƙo. Mdou ma ba ya amfani da ɗan robar da Turawa ke kaɗa jita da shi, da yatsa yake yi.

Makarantar wannan kiɗa gidan biki ce. A Agadas, da la'asar ko bayan isha, sai a shimfiɗa tabarmi a fili, a tada janareta, a jona amfilifaya, mata a gefe guda, maza da rawani da amawali a ɗaya gefen, samari a kan babura sun yi da'ira. Lasifikar ƙarama ce, taron kuma babba, don haka a ƙure ta har muryarta ta dishe. Waƙa takan fara a hankali, mai ganga na ƙara wuta kaɗan-kaɗan, masu rawa na shiga biyu-biyu, har ƙura ta tashi. Wannan disashshen sauti da wannan ƙarin gudu su ne Turawa suka ji suka ce rok ne. Daga baya ne Mdou ya ga bidiyon Eddie Van Halen, shahararren mai jitar rok na Amurka, ya ɗauki wasu dabarun yatsu. A nawa jin, gidan bikin ya fi Van Halen yawa a cikin kiɗan nesa ba kusa ba.

Yaya aka ɗauki Funeral for Justice?

Cikin kwana 5, a wani gida da kusan babu kayan ɗaki a ciki, a karkarar jihar New York. Ba situdiyon haya ba ne mai lissafin awa. Coltun ne ya ɗauki sautin da kansa.

A irin wannan aiki, kowane abin kiɗa da makirfonsa: ganguna na da nasu da yawa, kowace amfilifaya da tata, kowanne kuma na shiga layinsa daban a kwamfuta. Sai mutanen su kama kiɗa tare, suna kallon juna, kamar a dandali. Bambancinsa da situdiyon fiyano a fili yake. A can kwamfuta ke riƙe da awo, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, mawaƙi ya zo ya hau. A nan mai ganga ne ke riƙe da shi, kuma tunda asalin kiɗan ya ginu a kan ƙara gudu, ɗaure shi a kan awon na'ura kashe shi ne.

Bayan an gama ɗauka sai aikin zaman kujera ya fara. Waƙar da a dandali takan kai minti goma sha, dole a datse ta. Furodusa ya zaɓi ɗaukar da ta fi rai, ya yanke, ya ɗora muryoyi da tafi, ya daidaita ƙarar kowane layi don kada jita ta danne murya. Daga nan wani gwani ya yi tacewar ƙarshe, yadda sautin zai zauna daidai a waya da mota da faifan garmaho. Shi garmahon ma yana da nasa hukunci, don fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da kimanin minti 20 ba tare da sauti ya ragu ba.

Kwana 5 bai yi kaɗan ba?

Ga waɗanda suka shafe kusan shekara biyu suna rangadi bayan Afrique Victime, dare bayan dare a garuruwa daban-daban, bai yi kaɗan ba. An riga an yi atisayen a gaban jama'a. Akwai kuma dalilin nisa. Tsakanin Yamai da Agadas kaɗai kimanin kilomita 950 ne, ta Doso da Birnin Ƙonni da Tawa, kan hanyar da ta sha jiki, sannan ga jirgi da biza. Idan Allah ya haɗa su huɗu wuri ɗaya, ba a wasa da ranakun.

Me waƙoƙin ke cewa?

Nan ne kundin ya fi na baya zafi. Waƙar da ta ba shi suna tana magana ne kai tsaye da shugabannin Afirka, tana tuhumarsu da barin wasu na cin arzikin ƙasashensu. Oh France kuwa sunanta ya isa bayani. Ga mutumin da ya tashi a Arlit, wannan ba karatun jarida ba ne. Tun daga 1971 har zuwa 2024 kamfanin Faransa ya yi ta haƙar yuraniyom a can, wanda aka sani da Areva, yanzu Orano, ana kai shi yana ba tashoshin nukiliya wuta, alhali mafi yawan gidajen Nijar ba su da lantarki, wadda ake da ita ma kaso mai yawa daga Najeriya aka riƙa saye. Mai jitar lantarki da ya girma da ƙarar janareta yana da bakin yin wannan magana.

Amma ba duka yatsa ake nuna wa waje ba. Imouhar kira ne ga Abzinawa su riƙe Tamashek, harshen da yaran birni ke saki suna kama Faransanci da wasu harsunan. Mu Hausawa ya kamata mu ji wannan da kunnen basira, domin a kasuwar Agadas da titunanta Hausa ce ke tafiyar da hulɗa, kuma harshen da ke yaɗuwa ba kasafai yake lura da waɗanda yake shiga wa gida ba.

Ashe don juyin mulkin Nijar aka yi kundin?

A'a, an riga an gama ɗaukarsa kafin sojoji su kifar da Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, Janar Abdourahamane Tchiani ya hau. Kafin kundin ya fito kuma sojojin Faransa sun bar ƙasar a Disambar 2023, sai ya zama kamar an rubuta shi don ranar.

Juyin mulkin dai ya taɓa su ta wata hanya. Suna tsakiyar rangadi a Amurka abin ya faru, aka rufe iyakoki da sararin sama, mutum uku suka rasa hanyar gida, har aka buɗe asusun tallafi a intanet don ɗawainiyar zamansu. Maimakon zaman jira kawai, sai suka shiga wani situdiyo a Brooklyn suka sake ɗaukar waƙoƙin cikin kwana 2, wannan karon da jitar katako da kiɗan hannu, a zaune, ba hayaniya. Shi ne Tears of Injustice, wanda ya fito a Fabrairun 2025. Baitukan ba su canza ba, amma abin da a kundin farko yake fita da faɗa, a na biyu da alhini yake fita. Wanda ke son jin kalmomin sosai, na biyun ya fi masa.

Me ya sa ake daɗewa tsakanin ɗauka da fitarwa?

Saboda fitarwa wata sana'a ce daban. Masana'antun buga garmaho ba su da yawa, layi ake bi na watanni. Akwai zanen bango, da bidiyo, da hira da 'yan jarida, da tsara rangadin da zai zo daidai da fitowar. Kamfani yakan saki waƙa ɗaya ko biyu tun da wuri don ɗanɗano, kamar yadda aka yi da wannan tun farkon 2024, ƙungiyar kuma ta hau dandalin bikin kiɗa na Coachella a Kalifoniya cikin Afrilu, makonni kaɗan kafin ranar. Juma'ar ma ba dace ba ce: tun 2015 kamfanonin faifai na duniya suka tsayar da ita a matsayin ranar sakin sababbin kundaye.

Daga ina kuɗin ke shigowa?

Ba daga Spotify, manhajar sauraron waƙa a intanet, ba, in dai maganar abin kirki ake yi, don sauraro ɗaya bai kai santi ɗaya na dala ba, kuma sai kamfani ya cire abin da ya kashe kafin a raba saura. Kuɗin ƙungiya irin wannan yana wajen wasa: tikiti, da garmaho da riguna da ake sayarwa a teburin bakin ƙofa. Kundi shi ke ba su dalilin sake zagayawa, rangadin shi ke ciyar da gida. A nan ne rigimar siyasa ke cizo, domin mawaƙin da abincinsa ke Turai da Amurka, iyalinsa kuma na Nijar, duk ranar da biza ta yi wuya ko jirgi ya daina sauka, sana'arsa ta tsaya.

Mutanen gida fa, suna sayen kundin?

Da wuya ka sami mai faifan garmaho a Agadas ko Tawa. A can waƙa ta WhatsApp da memori take yawo, kyauta, kuma darajar mai jita a gidan biki ake auna ta. Ba shi kaɗai ba ne ma a fagen: akwai Bombino, wanda ya riga shi fita duniya da kundin Nomad a 2013, akwai Etran de L'Aïr, 'yan gida ɗaya da suka daɗe suna kiɗan bukukuwan Agadas, akwai Les Filles de Illighadad, matan da suka haɗa tende da jita. Saboda haka kundin yana da masu sauraro iri biyu: waɗanda suka biya kuɗi amma sai an fassara musu baitukan a takardar cikin faifai, da waɗanda ke jin kowace kalma amma a waya aka turo musu.