Jabiluka: yadda ƙaramin dangi ya hana haƙar yuraniyam a tsakiyar gandun dajin Kakadu

Ina ne Jabiluka, kuma me ya haɗa shi da gandun daji?

Wani fili ne a arewacin Ostiraliya, gabas da birnin Darwin, wanda gandun dajin Kakadu ya kewaye ta kowane ɓangare. Gandun ƙato ne, faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 20,000, cike da fadamu da kadoji da tsuntsaye, ga zane-zanen mutanen dauri a jikin duwatsu. An kafa shi a 1979, UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren gadon duniya a 1981. Can ƙarƙashin ƙasa kuwa yuraniyam ne jibge, wanda aka gano tun farkon shekarun 1970.

Da aka zo shata iyakar gandun sai aka yi wayo. Wurare uku masu ma'adinin, wato Ranger da Jabiluka da Kungara, aka tsame su daga taswira. A takarda dai ba sa cikin gandun. Kamar mutum ne ya haƙa masai a tsakar gidanka, ka yi magana ya ce ai wannan taku huɗun nasa ne. Ruwan damina kuwa babu ruwansa da taswira, duk abin da ya kwaso daga mahaƙa fadamar gandun zai kai shi.

Su wa suka fara cewa ba su yarda ba?

Mutanen Mirar, wani ƙaramin dangi daga cikin 'yan asalin Ostiraliya, waɗanda filin gadonsu ne kaka da kakanni. Jagorarsu Yvonne Margarula ce, tare da Jacqui Katona da ke tafiyar da ƙungiyarsu ta Gundjeihmi a lokacin. Ba labari aka ba su ba: a lokacin mahaƙar Ranger tana aiki a ƙasarsu tun farkon shekarun 1980, sun ga kuɗin da ake biya, sun kuma ga abin da ya biyo bayan kuɗin, musamman shan giya da lalacewar zumunci. Akwai yarjejeniyar da aka ƙulla a 1982 da ta ba da izinin haƙa a Jabiluka, amma Mirar sun dage cewa gajiyar da dattawansu aka yi da taro bayan taro har suka sallama.

In tun 1982 aka sa hannu, me ya sa rigimar ba ta tashi ba sai 1998?

Siyasa ce. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta taƙaita haƙar yuraniyam a mahaƙa uku kacal a duk ƙasar, babu Jabiluka a ciki. Kamfanin ERA, mai Ranger, ya sayi filin a 1991 ya zauna jira. Da John Howard ya hau mulki a 1996 ya soke wannan ƙa'ida, nan da nan takardun izini suka fara fitowa.

Me jama'a suka yi?

Mirar suka yi kira ga duk mai jin zai iya, ya zo a tare hanya. Wata takwas aka yi a 1998 ana zaman dirshan kusa da ƙofar mahaƙar. Mutum wajen 5,000 suka zo a tsawon lokacin, ɗalibai da malamai da tsofaffi, wasu daga biranen kudu masu nisan dubban kilomita. An kama fiye da 500. Ita kanta Yvonne an kama ta, kotu ta same ta da laifin shiga fili ba izini, filin da ta gada daga mahaifinta. Wannan hukunci ya jawo musu magoya baya fiye da duk wata takarda da za su buga.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin zaman. Baƙi sun fi masu gida yawa nesa ba kusa ba, amma masu gida ke faɗin inda za a taka da inda ba za a taka ba. Da an bar 'yan birni su karɓe ragamar, da gwamnati ta samu bakin cewa 'yan tayar da zaune tsaye ne daga waje. A birane kuma aka riƙa yin gangami, ana matsa wa masu hannun jari da bankunan da ke hulɗa da kamfanin.

To zanga-zangar ce ta tsayar da aikin?

Ita kaɗai, a'a. Ana tsaka da tare hanyar kamfanin ya ci gaba da haƙa ramin shiga, har ya fito da duwatsun ma'adinin ya tara. Abin da ya karya masa gwiwa wani ɗan sharaɗi ne da ba a cika ambatonsa ba. Dutsen yuraniyam sai an niƙa an tace kafin ya zama abin sayarwa. ERA ya yi lissafin zai riƙa kwasar dutsen a manyan motoci zuwa injin niƙansa na Ranger, tafiyar kilomita ashirin da 'yan kai. Sai dai yin hakan na bukatar sabon izini daga masu ƙasa, su kuwa suka ce faufau. Gina wani injin a Jabiluka kuɗi ne masu yawa, ga farashin yuraniyam ya faɗi warwas a wannan lokacin. Ciniki ya daina ci.

Amfanin taron jama'ar shi ne ya hana a murɗe wannan a'a ɗin a ɓoye, kamar yadda Mirar suka ce an yi a 1982. Idon duniya na kai, ba dama a kira dattawa ɗaki a fito da sa hannu.

UNESCO fa?

Ta aiko da tawaga a 1998, tawagar ta ce mahaƙar barazana ce ga gandun. Gwamnatin Ostiraliya ta yi ta kamun ƙafa, a 1999 kwamitin ya ƙi sa Kakadu cikin wuraren da ke cikin haɗari. A nan Mirar sun sha kaye. A shekarar ce kuma aka ba Yvonne da Jacqui lambar yabo ta Goldman, wadda ake ba masu fafutukar kare muhalli.

Yaya aka ƙare?

A 2000 kamfanin Rio Tinto ya zama mai rinjaye a ERA, kuma bai ga ribar ci gaba da wannan rigima ba. A 2003 aka mayar da kimanin tan 50,000 na dutsen da aka haƙo cikin ramin aka toshe. A 2005 aka rubuta cewa ba za a sake taɓa Jabiluka ba sai da yardar Mirar. Lasisin dai ya ci gaba da zama a hannun kamfanin har 2024, lokacin da hukuma ta ƙi sabunta shi, Firaminista Anthony Albanese ya ce za a shigar da filin cikin gandun. Kafin nan, a 2017, masu binciken tarihi sun bayyana cewa a kogon Madjedbebe, cikin wannan filin da aka so fasawa, akwai alamun zaman mutane na kimanin shekara 65,000.

Akwai abin da ya haɗa wannan labari da mu?

Akwai, ta wajen Kungara. A da, mai wannan filin a takarda shi ne Areva na Faransa, kamfanin da mutanen Nijar suka sani sarai a Arlit da Akokan, wanda daga baya ya koma Orano. Mai shi na gado kuwa mutum ɗaya ne, Jeffrey Lee, babban magajin dangin Djok, ma'aikacin gandun daji. Da ya sa hannu da ya zama attajiri. Ya ƙi, ya roƙi gwamnati ta haɗa filin da gandun, ya tafi har Faris a 2011 ya faɗa wa kwamitin UNESCO da bakinsa. A 2013 majalisar Ostiraliya ta soke dokar da ta tsame Kungara, filin ya koma cikin Kakadu.