Ƙaiƙayi da Ƙurajen Fata: Tambayoyin da Ake Yawan Yi Daga Garwa Zuwa Kusiri

Tun daga watan Nuwamba da iskar hunturu ke fara kaɗawa, har zuwa zafin Maris da Afrilu da kan haura digiri 40 a Garwa da Marwa a arewacin Kamaru, kukan fata ba ya yankewa a gidajenmu. Wani ya ce kirci ne, wata ta ce sanyi ne, kaka ta ce jini ne ya ɓaci. Sai a aiki yaro kasuwa ya sayo man tub, kowa ya shafa.

Me ke sa fata ta bushe, ta kumbura, ta riƙa ƙaiƙayi?

Saman fata kamar yaɓen katangar ƙasa yake: yana riƙe danshi a ciki, yana tare ƙura da ƙwayoyin cuta daga waje. Idan yaɓen ya tsattsage, danshi ya tsere, sabulu da ƙura da gumi su kutsa, garkuwar jiki ta tashi faɗa. Wannan faɗan shi ne kumburin da ƙaiƙayin. Akwai waɗanda aka haifa da fata mai rauni, kuma sau da yawa za ka tarar a danginsu akwai mai asma ko mai yawan atishawa. Irin wannan kircin kan fara tun yaro na goye, a kumatu da goshi, in ya girma ya koma lanƙwasar gwiwar hannu, bayan gwiwa da wuya. Yakan lafa, ya dawo da hunturu.

A baƙar fata wurin ba ya yin ja kamar yadda ake gani a hotunan Turawa. Duhu yake ƙarawa ko ya yi toka-toka, in an daɗe ana susa ya yi kauri.

Malam, ɗana na da shi. In raba masa shimfiɗa da 'yan'uwansa?

In kirci ne, a'a Hajiya, ba a ɗaukarsa. Amma duba gidan tukuna. Idan mutum biyu ko uku na susa, ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare, ga ƙananan ƙuraje tsakanin yatsu, wuyan hannu da kewayen cibiya, to wannan ƙazuwa ce. Ɗan ƙwaro ne ke haƙa rami cikin fata, kuma tana yawo sosai inda ake kwana a cunkushe, kamar tsangayu da makarantun kwana. Makero kuwa ya kan yi zobe mai bushewar baki, a kan yara ya cinye gashi. Shi ma ana ɗauka, ta mataji, hula ko askar wanzami.

Mutanen Mayo-Rey, wajen Tuboro da Colire, su sa wani abu a rai: ƙaiƙayi mai tsanani da ya ƙi jin kowane mai na iya zama na cutar makantar kogi, wadda ake raba ƙwayar Mectizan dominta.

Hannuwana kaɗai ke tsagewa. Daga ina?

Daga abin da suke taɓawa. Matar da ke wuni cikin ruwan omo da bilic, birkilan da ke cakuɗa siminti da hannu, bakaniken da ke wanke hannu da fetur, duk fatarsu cinyewa take yi a hankali. Wannan kowa zai iya samu in ya daɗe yana yi.

Akwai kuma wanda jiki ne ya ƙi abin, ko da kaɗan ne. Ƙarfen nikel na 'yan kunne masu araha da kan bel, robar silifa, turaren da ake fesawa a wuya. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙurajen ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, kuma mutum na iya shekaru yana amfani da abu lafiya kafin jikinsa ya juya masa baya. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne baƙin ƙunshi. Jan lalle na gargajiya da wuya ya cutar da kowa, amma dayis ɗin da ake zubawa don zanen ya yi baƙi wuluk na iya tayar da bororo daidai bisa zanen, ya bar wa amarya tabo. Wadda ya taɓa kamawa ta guji rinin gashi ma, sinadarin ɗaya ne.

Yaya likita ke gane wanne ne? Sai an ɗebi jini?

Galibi ba sai an ɗiba ba. Ido da tambaya ne: ina ya fara, yaushe, mece ce sana'arka, wa ke susa a gida, me ka riga ka shafa. Wannan ta ƙarshen a faɗi gaskiya, a tafi da kwalin man ma. In ana zargin makero ko ƙazuwa, akan kankare saman fata kaɗan a duba a madubin likita. In ana neman abin da jiki ya ƙi, likitan fata kan manna sinadarai daban-daban a baya na awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Amosanin kai da ya yi yawa har ya sauko gira, gefen hanci da ƙirji kan sa likita ya nemi gwajin ƙanjamau, kuma kada a ji haushinsa.

Man tub ɗin kasuwa na kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu. Mene ne laifinsa?

Saurin nan nasa shi ne tarkon. Yawancinsu na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, irin su kilobetasol da betametazon, wasu a haɗe da maganin makero da na ƙwayoyin cuta a tub guda. Sitiroyid na danne kumburi ko mene ne sanadinsa. In makero ne, ƙaiƙayin ya kwanta amma cutar ta bazu, zoben ya ɓace, har likita ya kasa gane ta. In ƙazuwa ce, ƙwaron ya samu sake ya hayayyafa. Ka daina shafawa, abin ya dawo fiye da dā, ka sake saye.

Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a cinya da hammata, fuska ta cika da ƙuraje. Jariri ya fi kowa shiga haɗari, don fatarsa na tsotse maganin ya shiga jini, musamman ƙarƙashin kunzugu. Irin wannan sinadarin ne kuma a cikin mayukan bilicin da yawa. A watan Agustan 2022 Ma'aikatar Lafiya ta Kamaru ta haramta shigowa da sayar da kayan shafa masu haidirokwinon da makuri, amma duk mai shiga kasuwa ya san mayukan ƙara haske ba su ɓace daga tebur ba.

Sitiroyid kansa magani ne mai kyau, shi ne ma ginshiƙin maganin kirci. Tambayar ita ce wanne, a ina, na kwana nawa.

To mene ne maganin da ya dace?

Mai tukuna, kuma da yawa. Man kaɗe tsantsa ko Vaseline marar ƙamshi, sau biyu ko uku a rana, musamman da an fito wanka jiki na da sauran laima. A rage ruwan zafi, a ajiye soso mai kaushi da sabulun da ake kira na magani. A yanke wa yaro farce, a sa masa tufafin auduga. Mai aikin ruwa ko siminti ya nemi safar hannu.

In kircin ya tashi, likita kan ba da man sitiroyid mai sauƙi, wato haidirokotizon na kashi 1 cikin ɗari, don fuska da yara, mai ƙarfi kuma don jiki, na sati ɗaya zuwa biyu. Ma'auninsa: abin da aka matso daga kan ɗan ali zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannu biyu na babba. Ƙazuwa sai a shafa benzil benzowet ko fametirin, kowa a gidan rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi. Makeron kai mai ba ya isarsa, sai an sha girisiyofulbin na sati shida zuwa takwas. Amosani kuma sabulun wanke kai mai ketokonazol.

In hana yaro mai kirci ƙwai, kifi da gyaɗa?

Kada ki hana sai kin ga abincin na tayar da abin a fili kuma likita ya tabbatar. Yawancin masu kirci ba abinci ke jawo musu ba, kuma yaron da aka hana kifin Logon da ƙwai yunwa zai ƙara a kan ƙaiƙayi.

Yaushe ne ba a jira gari ya waye?

Idan wurin ya fara ruwa ko mugunya, ya yi ɓawo ruwan zuma, ga zazzaɓi. Idan ƙananan bororo masu zafi suka bazu kan kircin yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan borin jini ya zo da kumburin leɓe ko wahalar numfashi. Sai kuma ƙurajen da suka fito bayan fara sabon magani, irin su Bactrim, Fansidar ko maganin farfaɗiya, baki da ido suka yi gyambo, fata na saɓulewa. Wannan na iya kisa. A dakatar da maganin nan take, a ɗauki kwalinsa a nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.