Sandar kam da ƙarfin ja a tsohon injin motar kaya

Sandar kam, wadda makanikai a garejin Garwa da Marwa da Injamena suka fi kira arbar-a-kam, can Najeriya kuma kamshaf, ƙarfe ne dogo mai tozo-tozo a jiki, kowane tozo shi ke danna bawul ɗinsa, wato murfin ƙofar shigar iska ko fitar hayaƙi a silinda, ya buɗe a lokacinsa. A inji mai bugu huɗu tana juyi ɗaya duk sanda karanshaf, babban ƙarfen da fistan ke juyawa, ya yi biyu. Siffar tozon nan ita ke yanke inda injin zai fi ƙarfi, ko a ƙasa-ƙasa lokacin tashi da lodi ko sai an taka wuta sosai.

Tarihi

Dabarar ta girmi mota nesa ba kusa ba. Ana cewa tun zamanin daular Han mutanen Sin suna sa irin tozon nan a jikin gungume mai juyi da ruwa yana ɗaga taɓarya yana saki don surfe. Al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a Diyarbakir ta Turkiyya ta yau, ya yi bayanin sanda mai tozo wajen 1206 cikin na'urorinsa na ruwa. Bayan injin Nikolaus Otto na 1876 ma ba nan take kam ta karɓi duka aikin ba, a injunan farko da yawa bawul ɗin shaƙa tsotsar fistan kawai ke buɗe shi, kam tana kula da na fitar hayaƙi, sai wajen farkon ƙarni na 20 aka bar wannan.

Tsoffin motocin kaya da suka cika yankin nan galibi kam ɗinsu na cikin bulok ne, tana tura bawul ta siraran sanduna, kaman Marsandi mai injin OM352 na lita 5.7 da ya fito wajen 1964, da Land Cruiser mai 2F na fetur lita 4.2, da Peugeot 504 a-kori-kura. Injin Toyota 1HZ na 1990 shi kam ɗinsa a sama take, bel ke janta. Tsarin da kam ke sauya lokacinta da kanta sai 1980 Alfa Romeo ta sa a motar sayarwa, Honda ta zo da VTEC a 1989, dan haka waɗannan tsoffin kam ɗaya ce tak, yadda aka sassaƙa ta haka za ta mutu.

Abin da ake dubawa

Babban abu shi ne daɗewar buɗewar bawul, ana auna ta da digirin juyin karanshaf, Amurkawa suna fara ƙirge daga inda aka ɗaga milimita 1.27. Don ƙarfin ja a ƙasa ana son gajera, wajen digiri 200 zuwa 210 a injin fetur, saboda bawul ɗin shaƙa ya rufe da wuri kafin fistan ya maido iskar baya. Kam mai daɗewa tana wa motar tsere daɗi amma a juyi 1,500 a minti matsi ya zube, silo, wato aikin inji ba a taka wuta ba, ya riƙa rawa, kuma motar da ke hawan tsaunin Ngawundare da buhunan masara ko take fama da taɓon hanyar Mora zuwa Kusiri da damina ai a wannan juyin take rayuwa, ba a 5,000 ba. Tsayin ɗagawa in ya ƙaru kaɗan yana taimako, muddin sifirin ɗin bawul zai ɗauka kuma bawul ba zai taɓa fistan ba. Matso da kam gaba da kaman digiri 4, ta riƙa buɗe bawul da wuri, shi ma yana maido da ƙarfin zuwa ƙaramin juyi.

Kusurwar da ke tsakanin tozon shaƙa da na fitarwa akwai saɓani, wasu na son digiri 110 wasu 114.

Injin gas

A injin gas, wato dizal, sauya kam ba ya ƙara abin kirki, famfon mai da noza su ne magana.

Gyara

Kamfanonin da suka ƙera motocin nan dama don lodi suka sassaƙa kam ɗin, shi ya sa sau da yawa ta asali ita ce ta ja, abin da ke rage ƙarfi cinyewar tozo ne saboda ƙura da baƙin mai da ya wuce lokaci, in tozo ɗaya ya siɗe sai silinda ɗaya ta daina shaƙa da kyau. Ana gane wannan da awon ɗagawar kowane bawul. Ta gwanjo da aka ciro a wani inji sai an auna ta kafin a biya. Sabuwar kam ba a haɗa ta da tsoffin matsosan da ke gogar tozo, a sa sababbi, a shafe su da man haɗi, a zuba baƙin mai mai sinadarin zink, sannan tashin farko a riƙe injin a juyi 2,000 zuwa 2,500 na minti 20 zuwa 30 ba tare da an bar shi a silo ba.