Dokar Zadroga

Dokar Zadroga doka ce ta gwamnatin tarayyar Amurka da ta tanadi magani, gwajin ciwon daji da biyan diyya ga mutanen da suka shaƙi ƙura da hayaƙi mai guba sakamakon harin 11 ga Satumba, 2001. Shugaba Barack Obama ya sa mata hannu ranar 2 ga Janairu, 2011, sama da shekara tara bayan rushewar tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya a birnin New York. An raɗa mata sunan James Zadroga, wani ɗan sandan ciki da ya yi aikin ceto a wurin. Abu biyu ta ƙunsa: shirin kula da lafiya, da asusun diyya.

Ƙurar

Da benayen suka zube, siminti da gilashi da kayan ofis da na lantarki suka niƙe suka zama gari. Ƙurar ta turnuƙe kudancin Manhattan, ta shiga gidaje da makarantu ta tagogi da bututun iska, ta kwanta a kan darduma da labule. A cikinta akwai asbesto, wani ma'adini da ake sa wa a gini don hana gobara, da dalma, da ɓurɓushin gilashi, ga kuma ƙarfin siminti mai ƙona maƙogwaro da hanci. Wutar da ke ƙarƙashin ɓaraguzan ba ta mutu ba sai cikin Disamba. An kwashe tarkace kimanin tan miliyan 1.8, mafi yawansa zuwa bolar Fresh Kills da ke tsibirin Staten, inda ma'aikata suka riƙa tace shi suna neman sassan jikin mamata. An rufe aikin ranar 30 ga Mayu, 2002.

Ana ƙiyasta cewa mutum wajen 400,000 ne ƙurar ta shafa. Ban da 'yan kwana-kwana da 'yan sanda, akwai magina, direbobin manyan motoci, 'yan sa-kai, mazauna unguwa, ɗalibai, da leburori baƙin haure da aka ɗauka goge ofisoshi, da yawansu da bokiti da tsumma kawai. A kwanakin farko abin rufe hanci ya yi ƙaranci. Waɗanda suka samu ma sukan sauke shi a wuya, domin da shi ba a jin maganar abokin aiki, mutum kuma yana haƙa ne yana fatan jin motsin mai rai.

Ranar 18 ga Satumba, 2001, shugabar hukumar kare muhalli ta ƙasa, Christine Todd Whitman, ta shaida wa jama'a cewa iskar ba ta da illa. A kan wannan magana mutane suka koma gidajensu da wuraren aiki, ɗaliban sakandaren Stuyvesant ma suka koma aji ranar 9 ga Oktoba, alhali ana jigilar tarkace a kusa da makarantarsu. A Agustan 2003 babban sufeton hukumar ya gano cewa ba ta da isassun bayanan da za ta ba da wannan tabbaci, kuma Fadar White House ta sa baki aka sassauta sanarwar. Whitman ta nemi afuwa a 2016. Wannan sanarwa tana cikin manyan dalilan da suka sa ake ganin nauyin jinyar a wuyan gwamnati yake.

Kafin dokar

Tari ne ya fara bayyana, busasshe mai naci, sannan asma, ciwon hanci da ƙwannafi mai tsanani. Likitocin hukumar kashe gobara, da yake suna da awon huhun ma'aikatansu tun kafin harin, sun gano cewa a shekara guda huhun ya yi raunin da tsufa kan jawo a shekara 12. Asibitin Mount Sinai ya fara duba ma'aikatan ceto a 2002. Mazauna unguwa sun daɗe ba mai waiwayarsu, sai wajen 2005 asibitin Bellevue ya buɗe musu sashe. Duk wannan da kuɗin da ake warewa shekara-shekara ake yinsa, babu tabbacin na baɗi.

Asusun diyya na farko, ƙarƙashin lauya Kenneth Feinberg, ya raba sama da dala biliyan 7, amma ya daina karɓar takardu a Disambar 2003. Duk wanda ciwonsa ya fito bayan nan ya rasa.

Zadroga ya rasu ranar 5 ga Janairu, 2006, yana da shekara 34. Likitan da ya binciki gawarsa a jihar New Jersey ya danganta mutuwar da ƙurar. Babban likitan binciken gawa na New York, Charles Hirsch, ya ce ba haka ba ne, iyalinsa kuma suka ƙi amincewa da hukuncin Hirsch. Duk da wannan saɓani, sunansa ƙudirin ya ɗauka. An kai ruwa rana a Majalisar Dattawa kan yawan kuɗin, aka rage shi zuwa kimanin dala biliyan 4.3, sannan ya wuce a Disambar 2010.

Ciwon daji

Da shirin lafiyar ya fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2011, babu ciwon daji a jerin cututtukan da yake ɗauka. Shugabansa, Dakta John Howard, ya ce hujjar kimiyya ba ta kai ba tukuna. Wannan ya yi wa masu jinya zafi ƙwarai, domin wasunsu sun riga sun ƙarar da abin hannunsu a asibiti. A Satumbar shekarar mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da ya nuna 'yan kwana-kwanan da suka yi aiki a wurin sun fi takwarorinsu kamuwa da kimanin kashi 19 cikin ɗari. A 2012 aka shigar da nau'in ciwon daji kusan 50. Na furostet, wata gaɓa da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ya shiga a 2013. Na mahaifa kuwa sai Janairun 2023, kuma masu fafutuka sun danganta jinkirin da cewa yawancin waɗanda aka yi bincike a kansu maza ne.

Shirin yana da ƙa'idar tazara tsakanin shaƙar ƙurar da bayyanar cuta. Ciwon daji na jini, kwana 146 ya isa. Na tayiroid, wata gaɓa da ke gaban wuya, shekara biyu da rabi, sauran masu fitar da ƙari shekara huɗu, wanda asbesto ke jawowa a fatar huhu kuma shekara 11. Idan cutar ta bayyana kafin wa'adin, ana ɗauka ba ƙurar ce ta kawo ta ba.

Ma'aikacin ceto yana da damar a duba shi kyauta duk shekara: a ɗebi jini da fitsari, a ba shi bututu ya hura iya ƙarfinsa don auna huhu, a tambaye shi barcinsa da halin zuciyarsa. Mazaunin unguwa ko ɗalibi sai yana da alamar ciwo ake yi masa duba na farko, idan an tabbatar da cutar sannan ya shiga na shekara-shekara. Gwajin ciwon daji na nono, bakin mahaifa, hanji da huhu yana bin ƙa'idar shekaru da ake bi a ƙasar baki ɗaya.

Masana sun rabu kan wani ɓangare na alƙaluman: yawan ciwon daji na tayiroid da na furostet, wasu na ganin yawan gwaji ne ke tono shi.

Diyya

An sake buɗe asusun a Oktoban 2011, ma'aikatar shari'a ce ke riƙe da shi. Ana biyan asarar albashi, ana kuma biyan raɗaɗi, wanda bisa ƙa'ida ba ya wuce dala 250,000 ga ciwon daji, ko dala 90,000 ga sauran cututtuka. Ana cire abin da mutum ya samu daga inshora ko fansho na nakasa. Lauya ba ya karɓar fiye da kashi 10. Wanda ya nemi diyya ya yafe kai ƙara kotu. Ba a tambayar takardar zama ƙasa.

Babbar wahalar ita ce kawo shaidar cewa mutum yana wurin. Ɗan sanda yana da rajistar aiki. Leburan da ɗan kwangila ya biya kuɗi hannu, kamfanin kuma ya daɗe da rushewa, sai ya nemo shaidu biyu da suka gan shi da idonsu su rantse a rubuce, bayan shekara ashirin, wasu sun ƙaura, wasu sun rasu. Iyakar yankin da ake buƙatar mutum ya kasance a ciki ma ba ɗaya ba ce: shirin lafiya ya kai titin Houston da wani yanki na Brooklyn, asusun diyya kuma a titin Canal ya tsaya, don haka akwai mai samun magani ba ya samun diyya.

A 2015 aka tsawaita shirin lafiya zuwa 2090. Asusun kuwa shekara biyar aka ƙara masa, kuɗinsa duka ya kai dala biliyan 7.375. Kafin wa'adin ya cika kuɗin ya soma ƙarewa, a Fabrairun 2019 aka sanar da zaftare kashi 50 zuwa 70 na abin da ake biya. Ranar 11 ga Yuni, Luis Alvarez, tsohon ɗan sanda mai ciwon daji na hanji, ya zauna gaban kwamitin Majalisar Wakilai a rame, washegari yana da zuwa karɓar maganin ciwon dajin zagaye na 69. Jon Stewart, mai shirin talabijin da ya daɗe yana wannan fafutuka, yana gefensa, ya caccaki 'yan majalisar kan kujerun da suka bari wayam. Alvarez ya rasu ranar 29 ga watan. Wata guda bayan haka Shugaba Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta ba da damar neman diyya har 1 ga Oktoba, 2090, aka kuma cika wa waɗanda aka zaftare wa.

Halin da ake ciki

Mambobin shirin lafiya sun haura 120,000, har da waɗanda suka yi aiki a Pentagon, hedkwatar tsaron Amurka, da Shanksville, sauran wurare biyun da harin ya shafa. Majalisa ta yi masa ƙarin kuɗi a 2022 da 2023. A Satumbar 2023 hukumar kashe gobara ta New York ta sanar cewa ma'aikatanta da cutar ƙurar ta kashe sun kai 343, daidai da adadin da ta rasa ranar harin. A dandalin tunawa da ke wurin, an buɗe wani sashe ranar 30 ga Mayu, 2019, domin marasa lafiyar da mamatansu: manyan duwatsu shida da aka cusa wa ƙarfen benayen, babu sunan kowa a jikinsu.