Waiwaye: Grady, Sunan da Ya Haɗa Muhammad Ali da Ƙasar Ayalan

A watan Satumba na 2009 mutanen Ennis, wani gari a gundumar Clare ta yammacin Ayalan, suka fito kwansu da kwarkwatarsu tarbar Muhammad Ali, shahararren ɗan damben Amurka. Tarba ce ta ɗan gida da ya dawo. Mahaifiyarsa Odessa 'yar gidan Grady ce, kuma kakanta Abe Grady daga Ennis ya tashi wajajen shekarun 1860, ya yada zango a jihar Kentucky ta Amurka, ya yi aure cikin baƙaƙen fata.

Asalin sunan da harshen mutanen Ayalan shi ne Ó Grádaigh. Wannan "Ó" na nufin jikan wane, "Mac" kuwa ɗan wane, kamar yadda mu kan ce Ɗan Fodiyo. Bambancin shi ne namu na sauyawa daga uba zuwa ɗa, nasu kuwa ya tsaya kan kaka guda tun ƙarni na 10 da na 11, zuriya ta yi ta gadonsa. Gidan Grady reshe ne na Dál gCais, dangin Sarki Brian Boru da aka kashe a yaƙin Clontarf a 1014, wanda daga gare shi sunan O'Brien ya fito.

To ina "O" ɗin Abe ya tafi? Mulkin Ingila ne ya ci shi. Tun a 1465 aka yi dokar da ta tilasta wa 'yan ƙasa mazauna kewayen Dublin ɗaukar suna irin na Ingilishi, na gari ko na launi ko na sana'a. A ƙarnukan da suka biyo baya, mai neman aiki ko gonar haya ya gane cewa "O" da "Mac" kaya ne masu nauyi, sai ya sauke. Wasu Mac Gabhann, wato 'ya'yan maƙeri, suka koma Smith ɗungurungum. Bayan yunwar 1845 zuwa 1852, da cutar dankali ta yi sanadin mutuwar kusan mutum miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura, sunayen suka ƙara lauyewa a bakin akawunan ƙasashen waje.

Sanin dangi abu ne mai sauƙi. Jera kakanni ɗaya bayan ɗaya ne aikin, domin takardun ma wuta ta cinye su. A ƙarshen Yunin 1922, farkon yaƙin basasa, ma'ajiyar takardun gwamnati da ke Four Courts a Dublin ta ƙone, mafi yawan ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851 ta zama toka. Ta 1861 zuwa 1891 kuwa gwamnati ce da kanta ta lalata. Rajistar haihuwa ta kowa da kowa ba ta fara ba sai 1864. Shi ya sa masu bin salsala ke jingina da littattafan cocin Katolika, waɗanda aka ɗora hotunansu a intanet a 2015, da kundin kiyasin filaye na Griffith, da ƙidayar 1901 da ta 1911.

A ganina, duk wanda ya ce ya kai nasabarsa har kan Brian Boru don kawai sunansa Grady ko O'Brien, ya yi tsallen baɗake a kan ƙarni takwas. Shi dai Ali, wanda ya yar da Clay, sunan gidan su mahaifinsa, a 1964 yana cewa sunan bauta ne, Ennis ta karɓe shi da sunan gidan su mahaifiyarsa.