Korar 'Yan Alkawarin Skotland zuwa Ƙasashen Mallaka

Korar 'yan alkawari hukunci ne da gwamnatin Skotland ta riƙa yankewa a ƙarni na 17, musamman tsakanin 1660 da 1688, a kan Kiristocin da suka ƙi yarda sarki ya yi iko da cocinsu. Akan zuba su cikin jirgin ruwa a kai su ƙasashen da Ingila ke mallaka a Amurka da tsibiran Karebiyan, inda ake sayar da ƙwadagonsu ga masu gonaki na wasu shekaru.

Asali

Sunan ya samo asali ne daga Alkawarin Ƙasa da aka fara sanya wa hannu a cocin Greyfriars da ke Edinbara a 1638, inda jama'a suka yi rantsuwar kare tsarin cocinsu na dattawa daga sauye-sauyen Sarki Charles na Farko. Da ɗansa Charles na Biyu ya koma kan gado a 1660, sai aka maido da mulkin bishop-bishop, limamai ɗaruruwa kuma suka bar majami'unsu. Mabiyansu suka bi su zuwa filaye da tsaunuka suna ibada a can, gwamnati kuwa ta haramta irin wannan taro. Wanda aka kama ana iya cin sa tara, ko a ɗaure shi, ko a kore shi daga ƙasa. Majalisar mashawartan sarki ce ke ba da izinin korar, 'yan kasuwa masu jirage kuma su ne ke neman a ba su fursunonin, domin akwai riba a ciki.

Jirgin Crown of London

Wannan ita ce tafiyar da aka fi tunawa. Bayan sojojin gwamnati sun ci 'yan alkawari da yaƙi a gadar Bothwell ranar 22 ga Yuni, 1679, an kawo fursunoni kimanin 1,200 Edinbara, aka tsare da yawansu a wani fili kusa da maƙabartar Greyfriars. Akasarinsu sun samu 'yanci bayan sun sa hannu cewa ba za su ƙara ɗaukar makami a kan sarki ba. Waɗanda suka ƙi, mutum kamar 257, aka saka su a jirgin Crown of London a tashar Leith cikin watan Nuwamba, don a kai su ƙasashen mallaka. Ranar 10 ga Disamba guguwa ta maka jirgin da duwatsu a gaɓar Deerness, cikin tsibiran Orkney. Labarin da ya shahara shi ne an kulle ƙofar ɗakin ƙasa da fursunonin suke ciki, ma'aikatan jirgi suka tsira da ransu. Sama da mutum 200 sun nutse, kusan 50 suka kuɓuta. An gina hasumiyar tunawa da su a wurin a 1888.

Dunnottar da jirgin Henry and Francis

A 1685, lokacin da ake fargabar tawayen da basaraken Argyll ya jagoranta a kan sarki, an kwashe fursunoni 167, maza 122 da mata 45, aka cusa su a wani ɗakin ƙasa na ganuwar Dunnottar daga watan Mayu har ƙarshen Yuli. Wasu sun mutu a ciki. Daga cikin waɗanda suka rage suka kuma ƙi rantsuwar biyayya, an miƙa kimanin 100 ga George Scot na Pitlochie, wanda ke neman mutanen da za su yi masa aiki a Gabashin Jersey, wani yankin mallaka a Amurka. A wannan shekara ce aka yanke wa wasu mazan da aka kora kunne, aka yi wa wasu mata lalas da ƙarfe mai zafi, don a gane su in sun dawo.

Jirgin da ya ɗauke su, Henry and Francis, ya tashi daga Leith a farkon Satumba. Zazzaɓi ya ɓarke a hanya ya kashe mutane da dama, ana cewa sun kai 60 ko fi, har da shi Scot ɗin da matarsa. Da suka isa Perth Amboy da ke Gabashin Jersey a watan Disamba, John Johnstone, wanda ya auri 'yar Scot, ya nemi tilasta musu aikin shekara huɗu. Maganar ta je kotu, aka yanke cewa tunda ba da son ransu suka hau jirgi ba, ba su kuma ƙulla wata yarjejeniya ba, babu abin da ake bin su. Wasunsu sun zauna a Amurka, wasu suka koma gida daga baya.

Sauran tafiye-tafiye

A ƙarshen 1678 an tura wasu fursunoni, cikinsu da mai wa'azi Alexander Peden, da niyyar kai su Bajiniya, amma aka sake su a Landan. A 1684 jirgin Carolina Merchant ya kai wasu Karolina. An kuma kai wasu Jamaika da Barbados.

Ƙarshen korar

Hukuncin ya tsaya bayan an tumɓuke Sarki James na Bakwai a juyin mulkin 1688 zuwa 1689, aka kuma maido da tsarin cocin dattawa a 1690. Tsofaffin littattafan 'yan alkawari suna cewa an sayar da mutanen a matsayin bayi. Yawancin masana tarihi na yanzu suna bambanta wannan aiki mai wa'adi da bautar da aka yi wa 'yan Afirka, wadda ba ta da iyaka kuma 'ya'ya ke gadonta.